Teburin Yankan Talotalo

Tunda wasunku sun fara rubuto min cewa uwata muguwa ce, bari in gyara muku tun zancen bai yi nisa ba. Mamata, Lorna Halvorson, ba ta taɓa ɗaga wa kowa murya ba. Idan motarka ta kafe a ƙanƙara, ita za ta turo Baba da tarakta, ta haɗo shi da fulas ɗin kofi da biredi mai ɗumi. Ku riƙe wannan, domin duk abin da zan ba ku labari yau cikin fara'a aka yi shi.

Ga waɗanda yau suka fara bina, sunana Tessa, shekarata ashirin da bakwai. Ina aiki a ofishin gunduma na garinmu, gari mai mutum ɗari tara idan an haɗa da na gidan kula da tsofaffi. Har yanzu a gidanmu nake, a ɗakin ƙasa mai labulen zangarniyar alkama wanda Mama ta ɗinka tun ina sakandare, kuma ba ta ga dalilin canza shi ba.

Mama tana da ƙawaye biyar. Su shida ɗin nan, kowace Alhamis da ƙarfe biyu, tun kafin a haife ni, suna haɗuwa a gidan ɗaya daga cikinsu su sha kofi, su buga karta, su yanke abin da zai faru a gari. Ba su da suna. Ba su da shugaba ma, in ji su, sai dai Anti Darlene ce ke fara zuba kofi kuma ita ke fara miƙewa. Mu 'ya'yansu mata huɗu da muka rage a gari muka buɗe guruf a waya, iyayen suka kutso ciki wata shekara suka ƙi fita. Mu goma ke nan. Daga safe zuwa yamma wayata ba ta hutawa: wa ya haihu, wa ya sayar da gona, motar wa aka gani a ƙofar wa.

Anti Darlene tana da ɗa, Tyrel. Ba wanda ya taɓa buɗe baki ya ce in aure shi, kada in yi wa kowa ƙarya. Kawai dai duk bikin da za a je a wani gari, sai a wayi gari motoci sun cika, saura tasa. Mutumin kirki ne, manomi, hirarsa ba ta wuce ruwan sama da farashin taki. Na daɗe da lura shi ma ba shi ya roƙa ba.

Wanda nake so kuwa Efren Tolentino ne, nas a gidan tsofaffi, wanda ya zo daga Filifin shekara huɗu da suka wuce. Shi ya yi jinyar kakata a hunturunta na ƙarshe a duniya. Yakan taje mata kai kafin mu zo ziyara, don ya lura ba ta son a gan ta a hargitse. Watanmu takwas tare, duk gari ya sani, ba wanda ya taɓa ambata. Mama har yau “bawan Allahn nan da ya kula da Kaka” take ce masa, kamar sunansa yana da wuyar faɗa.

To, ga inda zancen yake. Lahadi ta uku a watan Oktoba, bayan an shigar da alkama, gari yana yin walimar girbi a zauren taro. Mutum ɗari shida ake ciyarwa, har daga ƙauyukan kewaye. Tun Satumba ake liƙa farar takarda a gidan waya, wai duk mai son taimakawa ya rubuta sunansa da aikin da yake so. Takardar nan ado ce. Jerin gaskiya a kicin ɗin Anti Darlene ake yinsa, a turo min, ni kuma in buga a ofis tunda ni ke da na'urar. Murhu na mata shida ne. Teburin kek namu ne, mu 'ya'ya. Teburin yanka, inda ake yayyanka gasassun talotalo ashirin da biyu a gaban jama'a, na mazajensu ne da 'ya'yansu da surukansu, kowa da farar rigar girki da wuƙarsa ta gida. Idan aka ga saurayi a tsaye a wurin kusa da uban yarinya, ba sai an buga katin biki ba. Sauran jama'a kuma a raba musu jera kujeru, da tsaron motoci, da wanke-wanke.

Ranar Litinin ta makon walimar, Efren ya biyo ta ofis bayan na tashi, muka je gidan abinci ɗaya tilo da muke da shi. Yana sanye da kayan aikinsa shuɗi, da rigar sanyin da yayarsa ta saya masa wadda ta yi masa yawa. Ko odar abinci ba mu yi ba ya turo min wayarsa. Yana da wata ɗabi'a, duk kalmar Ingilishin da ya ji bai gamsu da ita ba sai ya adana ta ya kawo min. Ba ma'anar ce ke damunsa ba, wannan ƙamus ya ba shi. So yake ya san ko zagi ce, da kuma a gaban wa ake iya faɗarta.

Kalmar ranar ita ce clique. Wata tsohuwar nas ce ta faɗa masa, matar da ta zo garinmu shekara ashirin da suka wuce kuma har yau baƙuwa ake ce mata. Ta gan shi a gidan waya yana rubuta sunansa a takardar karo na huɗu, a ƙarƙashin yanka, ta dafa shi ta ce kada ya ɓata tawadarsa, kicin ɗin can clique ne. Ya karanto min abin da ƙamus ya ce: ɗan ƙaramin rukuni na mutanen da suka shaƙu da juna, waɗanda ba sa barin na waje ya shigo cikin sauƙi.

Na gyara zama na zama malama. Na ce masa ba ashar ba ce, amma ba yabo ba ne. Na ce an fi faɗarta a kan 'yan matan sakandare masu tare teburi ɗaya a ɗakin cin abinci, su riƙa kallon takalmin mutane. Na ce ba a faɗa wa mutum a fuskarsa sai ana neman rigima, kuma ba wanda ke kiran nasa rukunin da ita, kullum na wasu ake nunawa.

“To idan ba mai kiran nasa haka,” in ji shi, “ta yaya mutum zai san yana ciki?”

“Zai sani mana.”

“Su Madam Lorna fa?”

“Su ƙawaye ne kawai. Maganar 'yan makaranta ce, Efren, matar can haushinta take saukewa.”

Ya gyaɗa kai, ya maida wayar aljihu. Sai da aka kawo shinkafa ya gaya min ɗaya zancen. Wani asibiti a birnin Saskatoon ya ba shi aiki, suna jiran amsa zuwa Litinin mai zuwa, washegarin walima. Ya ce yana son garin nan, yana son tsofaffinsa, ya san wadda ba ta shan magani sai an yi mata waƙa da wanda ke ɓoye alewa a safa. Amma shekara huɗu, kicin ɗaya ya taɓa shiga a garin, namu, shi ma a tsaye ya sha kofin. Kowa yana ɗaga masa hannu a hanya, kowa yana tambayarsa ya sanyi, iyakacinta ke nan.

“Ban ce sai an ba ni wani abu ba,” ya ce. “So nake in san ko jira nake yi, ko kuwa na riga na iso inda zan tsaya.”

Na ce masa mutanenmu suna da jan jiki ne, sai a hankali. Na ji kalmomin suna fita da muryar Mama, ban kuma tsaya ba.

Washegari da yamma na tarar da Mama tana naɗa kabeji da nama, tire uku a jere, rediyo yana karanta yanayin gobe. Na ɗauki ganye na zauna, na jefa mata kalmar a fakaice, na ce wai ta san ana kiran su da ita. Ba ta ko ɗago ba. Ta ce matan malaman makaranta dai, su kam an faɗi gaskiya a kansu, ko gaisuwa sai sun zaɓa. Su kuwa ƙofarsu a buɗe take. Na tambaye ta yaushe rabon da wata ta shigo ta ƙofar. Ta tsaya da cokali a hannu tana tunani da gaske, sannan ta ce Noreen, lokacin da ta auri ƙanin Darlene. Noreen ta aurar da 'ya'ya biyu yanzu.

“In masu ware kansu kike nema,” in ji Mama, “je ki leƙa mutanen bawan Allahn nan ran Lahadi a ƙasan coci. Wa suka taɓa gayyata?”

Ni suka gayyata, amma ban faɗa ba. Kuma tsakani da Allah akwai ƙamshin gaskiya a zancenta. Sau uku na je zamansu na Lahadi. Yarensu suke yi, su kwashe da dariya, in na tambaya a ce ba ya fassaruwa. Yayar Efren, Luz, wadda ke girki a gidan tsofaffi shekara tara, ba ta ɓoye cewa ban yi mata ba. Doguwa take kirana. Sai dai ranar da na fara zuwa, ko jakata ban ajiye ba ta cusa min tire a hannu ta ce in naɗa musu fulawa da nama, siriri kamar yatsa. Duk wanda na naɗa sai ta warware a gabana ta sake. Na koma gida raina a ɓace, hannuna yana warin tafarnuwa har kwana biyu.

Ran Laraba hoton jerin ya shigo wayata, rubutun Anti Darlene a bayan wata ambulan, da saƙo: “Ga shi 'yar albarka, kamar kullum.” Sai dai ba kamar kullum ba ne. Tyrel tun tasowarsa yake yanka, amma a can ƙarshen teburi. Bana an ja kibiya daga sunansa zuwa kusa da na Baba. Kayla, 'yar Noreen, wadda muka yi aji ɗaya da ita tun daga firamare, ta turo min hoton ido biyu a keɓe, ba ta ƙara komai ba.

Na zauna a ofis ina bugawa. Murhu, kek, yanka, kujeru, motoci. Da na iso wanke-wanke, ina danna harafin farko kwamfuta ta ƙarasa min: Tolentino L., Tolentino E., da wasu sunaye biyar, duk 'yan ƙasarsu. Ta haddace su. Wannan ya sa na buɗe jerin bara, da na bara waccan, na kuma koma cikin tsofaffin saƙonni ina neman ranar da Anti Darlene ta fara tura su wurin kwanuka, don in sami wanda zan ji haushi. Na samu saƙon. Abin da ta rubuta shi ne: “Sababbin nan ban san su ba, ki sa su duk inda kika ga ya dace.”

Ni na zaɓa. Ban tuna ranar ba, ban tuna na yi wani tunani ba. Ina jin na ga wuri ne mai gibi a ƙasan shafi na cike shi, sauran shekarun kuma aka bi sahu. Kunya ta kama ni sosai, irin wadda ke sa mutum ya waiga ko akwai mai kallonsa, alhali ni kaɗai ce a ofishin da tukunyar fure.

Kwana biyu jerin yana buɗe a gabana. Ran Juma'a da tsakar rana na maida Tyrel ƙarshen teburinsa, na rubuta Tolentino E. kusa da Halvorson V., wato Baba, na buga, na taka zuwa gidan waya na liƙa da hannuna. Ban shawarci Mama ba. Ban shawarci Efren ba, kuma wannan ku lura da shi, ni a lokacin ban lura ba. Na fito ina jin kaina kamar wadda ta ciro yaro daga rijiya.

A garinmu ba a tarar mutum da faɗa. Guruf ya yi tsit na minti arba'in, abin da ko ranar jana'iza ba ya faruwa. Sannan Anti Darlene ta rubuto: “Na ga jerin. Sannu da ƙoƙari, Tessa.” Har da hoton zuciya. Sauran suka bi da nasu zukatan ɗaya bayan ɗaya. Na ƙirga takwas, babu na Mama.

A gida ma ba a tayar da zancen ba. Mama ta goge farar rigar girkin Baba, sannan ta buɗe durowar ƙasa ta ciro wata, ta goge ta ita ma, ta ninke ta ajiye a bakin gadona. Baba yana gareji yana wasa wuƙa. Na leƙa na ga biyu ya jera.

“Ya iya yanka?” ya tambaya, idonsa a kan dutsen.

“Nas ne, Baba.”

“Ba abin da na tambaya ba ke nan.”

Na tura wa Efren hoton jerin, na zagaye sunansa da ja. Sai bayan awa uku ya amsa. “Na gani.” Can kuma: “Mu yi magana ran Lahadi.” Na ce a raina kunya ce da farin ciki suka hana shi dogon rubutu.

Ran Lahadi na sa riga ruwan madara mai maɓallan lu'ulu'u, da siket baƙi, da takalmin da ba a tsayuwa da shi, na ɗaure gashina sama. Ƙarfe biyu na shiga kicin ɗin zauren. Tururi, warin albasa da man shanu, tukwanen dankali shida suna tafasa, kowane kwano da sunan mai shi a kan salatif a gindinsa. Kowa ta gaishe ni da kyau. Anti Darlene ta ce rigar ta karɓe ni, ta gyara min wuyanta da yatsa biyu.

Muna jera kek ɗin kabewa sai wayoyi suka yi ƙara a tare, a kan kanta, a aljihun riguna, a cikin jakunkuna. Na san sautin, na kai hannu aljihuna. Tawa shiru. Na ciro ta na duba, saƙon ƙarshe a guruf ɗinmu zukatan ran Juma'a ne. Kayla ta kalli tata, fuskarta ta yi ja har kunne, ta kifa ta a kan teburi. Mama ma ta duba tata ta maida aljihu, ta ci gaba da juya miya. An buɗe sabo, mai mutum tara. Ban ji zafin da na zata ba a lokacin, na dai ci gaba da yanka kowane kek gida takwas.

Ƙarfe uku Efren ya shigo ta ƙofar baya da yayarsa da sauran biyar ɗin. Ya sa shuɗiyar riga mai dogon hannu, ta sha guga, ya yi aski. Na tare shi da farar rigar a hannuna. Ya fara zuwa ya gaida Baba, ya ɗan rusuna wa Mama ya ce, “Sannu da aiki, Madam Lorna.” Sannan ya ja ni gefen firiji, inda mata shida suke iya ganinmu sarai ba tare da sun juyo ba.

“Na gode, Tess. Na san abin da wannan ya jawo miki.” Ya kalli rigar bai taɓa ta ba. “Amma suna ɗaya kika matsar.”

“Naka ne ai.”

“Yaya Luz ta shekara tara a garin nan. Kawu Rudy can, mai furfura, shekara ashirin yana sana'ar fawa kafin ya zo. In na tsaya a gaba da farar riga, ta waccan tagar zan riƙa miƙa wa yayata faranti mai datti. Da kin tambaye ni, da na gaya miki.”

Ya naɗe hannun rigarsa ya wuce ɗakin wanke-wanke. Na tsaya riƙe da rigar. Ba wadda ta yi murmushi, in faɗa muku gaskiya, ba wadda ta kalli wata. Baba ya dubi wuƙa ta biyu, ya dubi gibin da ke gefensa. Tyrel ya taso daga ƙarshen teburi a hankali, ya ce min, “Ba komai, Tess, kada layi ya tsaya,” ya cike wurin. Ban ga alamar murna a fuskarsa ba.

Ƙarfe huɗu da rabi aka buɗe ƙofa. Na koma teburin kek kusa da Kayla, ina miƙa wa mutane, ina tambayar su kabewa ko tufa. Tsofaffin mata suna ta leƙa teburin yanka suna kallona suna lumshe ido, don su abin da suka gani shi ne Tyrel kafaɗa da kafaɗa da Baba. Wata ma ta matse min hannu ta ce ta daɗe tana addu'a. Kusan rabin awa na jure. Daga nan na ajiye wuƙar a kan tire, na ce wa Kayla ta ji da wurin, na bi ta bayan murhu na tura ƙofar ɗakin wanke-wanke.

Ɗaki ne ƙarami mara taga ta waje, kwamin ruwa uku, ƙasa a jiƙe. Shekara nawa ina zuwa walimar nan, ban taɓa shiga ba. Hirar ta tsaya. Yaya Luz ta dube ni daga maɓallan lu'ulu'u har zuwa takalmi, ta ce wani abu da yarensu, aka tuntsire da dariya. Sannan ta jefo min tsumma.

“Goge, Doguwa. Kada ki taɓa ruwan, ba ki iya ba.”

Awa uku ina goge faranti. Takalmin ya cinye min dunduniya, na tuɓe shi na tsaya da safa a cikin ruwa, Kawu Rudy ya ga haka ya shimfiɗa min kwali. Suka dinga tsokanar Efren, wai an ba shi sarauta ya gudu, wai tsoron talotalo yake ji. Yana dariya, amma sau ɗaya kawai ya kalle ni. Ta ƙaramar tagar da ake turo kwanuka ina ganin hannaye ne kawai, ba fuska. Na gane na Mama da zobenta.

Idan baƙo na ƙarshe ya tafi, iyalan mata shida sukan haɗa tebura biyu a tsakiyar kicin su ci nasu tare, a buɗe kwalbar giya, a yi hirar wanda ya ƙara sau uku. 'Yan taimako kuma a haɗa musu faranti a lulluɓe da leda su tafi da shi gida. Wajen ƙarfe takwas ƙofar ta buɗe, Mama ta shigo da babban tire. Ta yi godiya da muryarta mai taushi, ta ce ba don wannan ɗakin ba da walimar ba ta yiwu ba. Ta rarraba farantan, kowanne da suna a kan ledar da rubutunta mai kyau. Guda takwas ne.

“Na sa miki na kabewa,” ta ce da ta miƙo nawa. “Na san kin fi son shi.”

Idonta ya yi ja, amma wataƙila albasa ce. Na ce na gode, Mama. Ta ja ƙofar ta rufe a hankali.

Muka fita ta baya. Iska mai sanyi, motoci sun watse, Yaya Luz ta wuce gaba tana kiran sauran su yi sauri. Na zauna a matakala da takalmi a hannu ɗaya, faranti a ɗaya. Ta tagar kicin ina hango su Mama suna zazzaunawa. Ba wanda ya hau kujerata, an dai naɗe ta an jingina da bango, an matso da sauran.

Efren ya zauna gefena yana goge hannunsa da ya yi fari saboda ruwa. Na tambaye shi gobe me zai ce wa asibitin, na yi tambayar da ƙarfin gwiwa, kamar wadda ta biya kuɗin kaya tana jiran a miƙo mata. Ya ce ya riga ya amsa musu tun safiyar Juma'a, kafin in liƙa takardar. Ya karɓa. Ya ce ran Litinin ya yi min tambaya na ba shi amsa, ya kwana huɗu yana juya ta, bai ga wata ƙofa a cikinta ba. Ɗaya ga wata zai fara aiki.

Sai a lokacin zafin ya iso, duka a haɗe, na wayar da na farantin da nasa. Na ce masa ya gan ni da rigar a hannu, ya gan ni na bar teburin uwata a gaban mutum ɗari shida, awa uku yana gefena, me ya hana shi gaya min tun a bakin firiji.

Ya daina goge hannunsa.

“Da na gaya miki,” ya ce, “da kin shigo ɗakin?”

Ya karɓi farantin ya riƙe min har na sa takalmi, sannan ya tambaye ni inda zai sauke ni, domin da motar Baba na zo, Baba kuma yana ciki yana cin abinci.